Ga Zaƙi Ga Harbi: Ko Kiɗa Mai Kyau Yana Wanke Mugun Zance?

A shekara ta 2003 wata ƙungiyar mawaƙa ta ƙasar Norwe mai suna Dimmu Borgir ta fitar da faifan waƙoƙi da ta raɗa wa suna Death Cult Armageddon. Salon kiɗansu shi ne wanda Turawa suke kira black metal, amma irin wanda ake haɗawa da babbar ƙungiyar makaɗa masu goge da sarewa da ƙaho. Domin wannan aiki an ɗauko ƙwararrun makaɗa daga birnin Prag, a ƙarƙashin jagorancin Adam Klemens. Faifan ya ci Spellemann, babbar lambar yabon mawaƙa a Norwe. Yau duk yaron da yake da waya da intanet yana iya jinsa a ɗakinsa, iyaye ba su sani ba.

Wanda ya saurari faifan ba zai yi musun gwaninta ba. Mai ganga yana kaɗawa da hannu biyu da ƙafa biyu, da saurin da kunne ba ya iya ƙirgawa. Jita tana ruri kamar ruwan sama a kan rufin kwano. A bisa wannan hayaniya sai goge da ƙaho su taso da irin kwarjinin da ake ji sa'ad da sarki zai fito. Muryoyi biyu ne suka fi fitowa. Shagrath yana yin kururuwa mai karce maƙogwaro, ICS Vortex kuma yana rerawa da murya wasai mai tashi sama, wadda kowace ƙungiyar mawaƙan ikkilisiya za ta so ta samu. Kalmomin kuwa na ƙin 'yan Adam ne, da yi wa bangaskiya ba'a, da murnar hallakar duniya. Sunan ɗaya daga cikin waƙoƙin, da harshen Norwe, yana nufin mutuwar dukan tsarkaka a mulkin Jahannama. Kalmar Armageddon ma daga littafin Wahayi aka aro ta.

Tambayar da take gaban mai bi ita ce, ko mutum yana iya shan zaƙin kiɗan ya bar ɗacin maganar?

Waɗansu iyaye suna da amsa a shirye, cewa ƙarar kanta ta Shaiɗan ce. Suna da dalilin tsoro, gama wannan salo ya yi mummunan suna a Norwe. Ran 6 ga Yuni 1992 aka ƙone tsohuwar majami'ar katako ta Fantoft a Bergen, wadda aka gina wajen shekara ta 1150. A 1994 kotu ta yanke wa mawaƙi Varg Vikernes ɗaurin shekara 21 saboda kisankai da ƙone majami'u. Amma adalci ya sa a faɗa cewa ba a ɗora wa Dimmu Borgir alhakin waɗannan gobara ba. Ban da haka, a cikin 1994 ɗin nan wani Kirista ɗan Ostireliya, Jayson Sherlock, ya fitar da faifan Hellig Usvart da sunan Horde, da irin gangunan nan da irin kururuwan nan, yana ɗaukaka Almasihu. Kamfanin Nuclear Blast ne ya buga shi, shi ne kuma ya buga na Dimmu Borgir daga baya. Ashe goge ba shi da addini, ganga ma haka. Kuka mai ɗaci kuma ba baƙo ba ne a Littafi Mai Tsarki, gama Zabura 88 da makoki ta fara, da duhu ta ƙare.

Matasa su ma suna da tasu amsa. Sukan ce kiɗa kawai suke ji, kalmomin ba sa fita sosai, mawaƙan kuma wasan kwaikwayo suke yi sa'ad da suka shafa fari da baƙi a fuska kamar gawa. Wannan amsa ta fi ta fari rauni. Ba wanda zai kashe kuɗi ya ɗauko makaɗa daga wata ƙasa domin maganar da bai damu da ita ba. In aka karanta kalmomin a takarda, yawancin mutane za su ya da su. Ƙahon nan da gogen nan su ne suke sa musu alkyabba, har raini ya zama kamar jaruntaka, hallaka ta zama kamar biki. Sarki Nebukadnesar ya san wannan dabara. A sura ta 3 ta littafin Daniyel, da ya kafa gunkin zinariya a filin Dura, bai tsaya ga ba da umarni kaɗai ba. Ya tara makaɗa iri iri, domin a lokacin da kiɗa ya tashi jama'a su fāɗi su yi sujada. Garaya tana cikin kayan kiɗan ranar, ita ce kuma Dawuda ya kaɗa wa Saul har ya sami sauƙi. Shadrak da Meshak da Abednego sun ji kiɗan kamar kowa, amma sun lura da abin da ake kiransu su durƙusa wa.

Agustin, bishop na Hippo a arewacin Afirka, ya yi fama da wannan batu wajen shekara ta 400. Ya rubuta cewa yakan ga kansa da laifi in muryar mai rerawa ta motsa shi fiye da abin da ake rerawa, alhali kuwa Zabura yake ji a cikin sujada. In mai jin Zabura ya yi wannan tsaro, ina ga mai jin waƙar da take yi wa tsarkaka fatan mutuwa? Abin da mutum ya maimaita sau ɗari yakan zauna a bakinsa, ko ya yarda da shi ko bai yarda ba. Hausawa sun ce zuma ga zaƙi ga harbi.

Saboda haka gwanintar faifan ba ta wanke shi ba. Ita ce ma ta ƙara masa nauyi, gama baiwa amana ce, za a kuwa tambayi wanda aka ba da yawa. Mai bi yana iya yarda cewa makaɗan sun iya aikinsu, ya kuma ƙi ba su kunnensa kowace rana.

Wannan ma'auni bai tsaya ga Turawa masu fentin fuska ba. Waƙar soyayya mai sanyi wadda take koya wa yarinya ta sayar da mutuncinta ta fi yawa a gidajen masu bi, ba kuwa mai tsoronta, domin ba ta da ƙara. Haka nan waƙar da ake kira ta bishara, mai sa rawa, amma tana alkawarta dukiya ba tare da gicciye ba. Uban da ya iske ɗansa da irin wannan faifai, fasa waya ba zai koya wa yaron kome ba. Gara su zauna, a nemo kalmomin, a karanta su a fili ba tare da kiɗa ba, sa'an nan a tambayi yaron ko zai iya cewa amin a kansu. Uban kuma ya yarda a gwada nasa waƙoƙin da wannan mudu.