Ƙafar da Ta Daɗe a Kwance

Karatu: Markus 2:1-12

A 1963 Dakta James Hardy ya yi wa ɗan Adam dashen huhu na farko a jihar Misisifi ta Amurka. Mutumin ya yi kwana 18 ya rasu. Sai a 1983, a Toronto ta Kanada, aka sami wanda ya yi shekaru da sabon huhu. Da aikin ya kankama, wata matsalar ta ɓullo: numfashi ya dawo, amma ƙafa ta kasa ɗaukar mai ita. Doguwar kwanciya tana cin tsoka, wasu magungunan da ake sha don kada jiki ya ƙi baƙon huhun su ma suna cinta. Wani bincike da aka yi a Landan, aka buga a 2013, ya nuna tsokar cinyar majinyatan ɗakin kulawa ta musamman ta ragu da kusan kashi 18 cikin 100 a kwana 10 kacal.

Ga dabarar da masu gashin ƙashi suke gwadawa. Sukan manna 'yan faifai masu waya a kan cinya, su saki lantarki kaɗan-kaɗan, ba irin mai jan mutum ya yar ba. Sai ka ga tsoka ta ɗaure ta saki, ta ɗaure ta saki, mai ita kuwa yana kwance bai ko motsa ba. Riƙon ƙwarya ne, kafin ya iya takawa da kansa.

Ba a dashen huhu a Jalingo, amma ƙafar da kwanciya ta cinye mun san ta. Leƙa asibitin tarayya na FMC ko Asibitin Ƙwararru, ka ga mai shanyewar ɓarin jiki da wanda haɗarin hanyar Wukari ya kwantar. Akwai kuma wanda zuciyarsa ce ta kwanta. Tun da aka binne ɗansa bakinsa ya yi nauyin addu'a, ya daina zuwa sujada, mu kuma muka ce ya ja da baya. Mun cika saurin yanke hukunci.

Shanyayyen Kafarnahum bai kai kansa ba. Mutum huɗu suka ɗauke shi, taro ya tare ƙofa, suka buɗe rufin ɗaki suka zura shi. Markus ya nuna bangaskiyarsu Yesu ya gani. Duk da haka ba su suka mai da shi gida ba, da ƙafarsa ya fita, shimfiɗarsa a hannu.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kai ne a kwance, kada kunya ta hana ka bari a ɗauke ka. In kuwa kana tsaye, akwai wani a unguwar Magami ko Mayo Gwoi da ya kasa yi wa kansa addu'a. Je ka zauna a bakin gadonsa, ka murza masa ƙafa, ka yi addu'ar a madadinsa, jibi ma ka koma.

Addu'a: Ya Ubangiji, ka ƙarfafa hannun masu jinya, ka ta da na kwance, ka nuna mini ƙofar da zan ƙwanƙwasa yau. A cikin sunan Yesu, amin.