Magina, Kangon Nan Ku Yake Jira

Magina da kafintoci, masu kwaɓa ƙasa da masu jan waya da masu haɗa famfo!

Ku zaga lungunan Kano ko Zariya ko Damagaram, da wuya ku sami unguwar da ba ta da kango. Maigida ya rasu, magada sun kasa daidaitawa, aka garƙame ƙofa aka watse. Damina ta zo, indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a kan soro, gara ta cinye azara, rufi ya rufta. Gidan da aka yi suna da biki a cikinsa ya koma juji da maɓoyar 'yan shaye-shaye. Ga shi kuwa a bayan katangar akwai saurayin da aka ɗage aurensa saboda rashin ɗaki, da magidancin da kuɗin haya ya hana shi barci. Ku ne za ku haɗa mai neman muhalli da gidan da aka yasar.

Kada wani ya raina muku aikin gyara. Sabon gini kowa na iya bin igiya ya jera bulo. Tsohon gida kuwa sai gwani: shi ke ƙwanƙwasa bango ya gane inda ya ruɓe, ya bambance tsagar yaɓe da tsagar da ta taso daga tushe, ya san azarar da za a bari da wadda za a cire. Ku fara da ruwa, domin shi ne babban abokin gaba. A gyara rufi, a buɗe indararo, a fitar da kwata nesa da gindin bango, sannan a zo kan yaɓe da daɓe da fenti. Bangon ƙasa kuma a mayar masa da ƙasa da makuba, don simintin da aka shafa masa yakan riƙe danshi a ciki har ya ɓamɓare.

Kuna da gadon da za ku yi tinƙaho da shi. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, da ƙasa aka gina ta, kuma yaɓen da magina ke sabuntawa ne ya tsayar da ita har UNESCO ta sa tsohon birnin cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. Gidan Makama a Kano, wanda asalinsa ke komawa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, yau gidan tarihi ne da ɗalibai ke ziyarta. Gyara bayan gyara ne ya kawo su yau.

Sai dai sana'a ba ta tsayuwa sai da amana. Kada a rufe tsaga da fenti a karɓi kuɗi. Ku faɗa wa mai gida gaskiyar abin da aikin zai ci, ku tabbatar magada sun amince kafin ku sa diga, ku tokare bangon da ya karkata kafin yaro ya shiga ƙarƙashinsa. Ku ja matasan unguwa ku koya musu.

Ku kuma masu kango, ku sasanta, ku kira magina tun kafin damina. Magina, ku ɗaura ɗamara. Allah ya sa albarka a guminku.