Wa Ke Da Haƙƙin Cewa "Na Yafe"?

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Akwai maganganu uku da suka fi yawo a bakinmu duk lokacin da aka yi wa wani laifi: "a yi haƙuri", "a bar wa Allah", "a rufa asiri". Dukkansu maganganun alheri ne a asalinsu. Amma 'yan uwa, ku lura da wanda ake faɗa wa su. Kusan kullum wanda aka cuta ne ake zagayewa ana ba shi baki, shi kuwa mai laifin yana gefe kansa a sunkuye, manyansa na magana a madadinsa. A shafa fatiha, a watse, kowa ya ce an yi sulhu. To tambayar da nake so mu tsaya a kanta yau ita ce: wannan shi ne sulhun da shari'a ta yaba, ko kuwa zalunci ne na biyu da aka naɗa wa rawani?

Kafin nan, kada wani ya ɗauka ina tura mutane kotu a kan komai. Duk wanda ya taɓa bin shari'a a ƙasar nan ya san yadda take cin lokaci da aljihu: yau an ɗage, gobe lauya bai zo ba, jibi babu motar da za ta kawo wanda ake tuhuma. Kusan kashi biyu bisa uku na mutanen da ke gidajen yarinmu ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi. Yaro zai saci janareta ko buhun masara, ya yi watanni a Kurmawa ko Goron Dutse cikin waɗanda suka ƙware a manyan laifuka, ya fito ya fi yadda ya shiga lalacewa. Mai janareta kuma ko kwabo bai koma hannunsa ba, sai kuɗin mota da ya ƙara kashewa. Wa ya ci riba a nan? An ruwaito cewa Sayyidina Umar (RA) yana umartar a riƙa mayar da masu husuma su je su daidaita, saboda yanke hukunci yakan bar gaba a zukata. Allah kuma ya siffanta sulhu da alheri a Suratun Nisa'i aya ta 128, ya yi umarni da shi tsakanin muminai a Suratul Hujurat.

Ita ma dokar ƙasa ta fara juyowa nan. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta ba alƙali damar sa mai laifi ya biya wanda ya cuta, ko ya yi wa al'umma aiki maimakon ɗauri a ƙananan laifuka. A 2019 aka sauya sunan hukumar gidajen yari ya koma hukumar gyaran hali, aka kafa mata sashen hukuncin da ba na tsarewa ba. A Kano akwai cibiyar sasanci a ƙarƙashin babbar kotu, ga Hisbah, ga masu unguwanni da dagatai da limamai da suka daɗe suna wannan aiki tun kafin a san lauya. Ƙofofin sulhu a buɗe suke. Abin da ya rage shi ne mu san me ke shiga ta cikinsu da abin da ba ya shiga.

Malamai sun raba haƙƙoƙi: akwai haƙƙin Allah, akwai haƙƙin bawa. Bashi, ɓarnar gona, rauni, cin amanar dukiya, har ma da jini, duk akwai haƙƙin bawa a cikinsu, kuma mai haƙƙi yana da ikon ya karɓa, ya rage, ko ya yafe. Suratul Baƙara aya ta 178 da ta wajabta ƙisasi ita ce kuma ta buɗe ƙofar afuwa da diyya, har ta kira waliyyin wanda aka kashe ɗan uwan wanda ya yi kisan. Amma haddi idan ya isa gaban hukuma, ba ya karɓar ciniki. Safwanu ɗan Umayya yana barci a masallaci ya yi matashi da mayafinsa, ɓarawo ya zare, ya kama shi ya kai wa Manzon Allah (SAW). Da aka yanke hukunci sai Safwanu ya ce ya bar masa mayafin, aka nuna masa cewa lokacin yafiyarsa shi ne kafin ya kawo shi. Haka ƙissar ɗan ƙodagon da ya yi lalata da matar uban gidansa, mahaifinsa ya ba mijin tumaki 100 da baiwa don a kashe magana. Annabi (SAW) ya sa aka mayar da dukiyar, aka zartar da hukunci. Ƙa'idar da malamai suka tafi a kai ita ce sulhu halas ne tsakanin Musulmi in dai bai halatta haram ba, bai kuma haramta halas ba.

Da wannan ma'aunin za mu auna abin da ya fi ci mini rai: sulhu a kan fyaɗe. A lalata yarinya 'yar shekara bakwai, sai dattawan unguwa su taru su ce a karɓi kuɗin magani a rufa asiri, wai don kada ta rasa miji. Wa ya ba su wannan haƙƙin? Yarinyar ba ta kai ta yafe ba, ubanta ba shi da ikon sayar da mutuncinta, haƙƙin Allah kuma babu mai unguwar da zai ɗauke shi. A mazhabar Imam Malik, wanda ya tilasta wa mace akwai hukunci a kansa, kuma akwai sadakin irinta da zai biya ta. Biyun ake haɗa masa, ba a musanya ɗaya da ɗaya. Mutumin da aka sallama da 'yan dubbai yau, gobe 'yar wa zai taɓa? Duk wanda ya zauna a irin wannan zaman, wallahi ya shirya amsar da zai bayar a kan yarinya ta gaba.

To a inda sulhu ya halatta fa, me ke sa ya zama na gaskiya? Abu na farko, a tabbatar da haƙƙi kafin a roƙi yafiya. Rubayyi'u 'yar Nadri ta karya haƙorin wata yarinya. Danginta suka nemi a yafe ko a karɓi diyya, dangin yarinyar suka ƙi. Annabi (SAW) bai ce musu ku ji kunyata ba, bai ce Rubayyi'u 'yar gidan manyan Ansaru ce ba. Ya yanke a yi ƙisasi. Sai bayan da haƙƙin ya tabbata a hannunsu, ɗan uwanta Anas ɗan Nadri ya yi rantsuwarsa, sannan Allah ya tausasa zukatansu suka haƙura don kansu. Ka ga yafiya kyauta ce, kuma mutum ba ya kyautar abin da ba a hannunsa yake ba. Wanda ya san ko ya ƙi yafewa babu abin da zai samu, ko ya san in ya ƙi unguwa za ta juya masa baya, wannan ba yafewa ya yi ba, ƙwace aka yi masa cikin ladabi. Bazawarar da ke haya a gidan kawun mai laifi, ko yaron shagon da ogansa ke cikin masu roƙo, "na yafe" ɗinsu tana bukatar a sake dubawa.

Na biyu, sulhu nauyi ne da ake raba wa ɓangare biyu. Ka'abu ɗan Malik yana bin Ibnu Abi Hadradin bashi, muryoyinsu suka ɗaga a masallaci. Annabi (SAW) ya yaye labulen ɗakinsa ya yi wa Ka'abu nuni da ya sauke rabi, ya sauke. Nan take ya juya ga wanda ake bi ya ce ya tashi ya biya. Mu kuwa rabin farko muka haddace. Muna da ƙwarewa wajen sa mai haƙƙi ya sauke, amma "tashi ka biya" sai ta maƙale mana a wuya. Sulhun da mai laifi ya fita daga cikinsa bai amsa laifinsa da bakinsa ba, bai mayar da komai ba, bai ɗauki wani alkawari ba, darasi ɗaya ya koya masa: in kana da manya, ka ci bulus.

Na uku, a duba abin da ya jawo laifin. A cikin Muwaɗɗa akwai ƙissar bayin Haɗibu da suka saci taguwar wani Bamuzaine suka yanka. Da Umar (RA) ya fahimci yunwa ake bar su da ita, sai ya juya kan uban gidansu. Mai taguwa ya ce ko dirhami 400 ba zai sayar da ita ba, Umar ya sa Haɗibu ya biya 800. An biya wanda aka cuta har da ƙari, an kuma taɓa tushen matsalar. Yau idan yaro ya ɗauki kuɗi a shago, yana da kyau mai sulhu ya tambaya: shekara nawa yana tsaron shagon nan, nawa ake ba shi? Yana shan ƙwaya ne? Wa ke sayen kayan da yake sacewa? Wannan ba wanke shi ba ne, neman inda ruwa ke shiga ne don a toshe.

An taɓa kawo mini irin wannan: matashi mai gyaran waya ya sayar da wayoyin mutane biyu da aka ba shi gyara. Ogansa yana so a kai shi caji ofis, mahaifiyarsa tana kuka a yafe kawai. Abin da aka tsaya a kai shi ne ya amsa a gaban masu wayoyin, aka ƙiyasta kuɗin, aka rubuta, shaidu suka sa hannu, zai riƙa biya duk ranar Juma'a daga abin da yake samu, yayansa ya tsaya masa. Ɗaya daga masu wayoyin ya yafe kashi ɗaya bisa uku bayan ya ga an fara biya, ɗayan ya ce cif yake son kuɗinsa, kuma babu wanda ya harare shi, don haƙƙinsa ne. Yaron bai rasa sana'arsa ba, mutane ba su rasa dukiyarsu ba.

Na san wani zai ce: Malam, wannan sassaucin ai shi ya sa masu ƙwacen waya suka raina mutane. Maganarka tana da ƙarfi, kuma shari'a ba ta manta da ita ba. Wanda ya zare wuƙa ya tare hanya ba ya cikin babin da muke magana, domin ya taɓa amincin al'umma gaba ɗaya. Kai, ko a kisan ganganci da waliyyai suka yafe, abin da muka karanta a Risala tun muna zaure shi ne za a yi wa mai kisan bulala 100 a tsare shi shekara ɗaya, kisan gilla kuma babu afuwa a cikinsa. Yafiyar dangi tana ɗauke haƙƙin dangi ne, haƙƙin jama'a yana nan a hannun hukuma. Suratush Shura aya ta 40 ma da ta yi alkawarin lada ga mai yafiya, ta haɗa yafiyar ne da gyara. Don haka malamai suka ce in yafiyar za ta ƙara wa mutum ƙarfin gwiwar ɓarna, barin ta ya fi.

Saura abin da ke biyo bayan hukunci, kuma nan ne muka fi rauni. Kowa ya san ƙissar matar nan ta Banu Makhzum da ta yi sata, Usama ya je ceto aka ƙi. Amma kaɗan ne ke ƙarasa ta. Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa matar ta tuba tuba mai kyau, ta yi aure, kuma tana zuwa wajenta ita kuma ta kai bukatarta ga Annabi (SAW). An zartar da hukunci, sannan ƙofar gidan Annabi ta ci gaba da buɗuwa gare ta. Da aka yi wa wani mashayi bulala wasu suka yi masa mugun baki, Annabi (SAW) ya hana su zama mataimakan Shaiɗan a kan ɗan uwansu. Mu fa? Yaro ya fito daga gidan yari, babu mai ɗaukarsa aiki, babu mai ba shi aure, a sahu ma ana matsawa. Su waye kaɗai ke yi masa maraba? Abokan da suka kai shi can. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Wasu iyayen kuma sai su kai shi gidan mari, alhali mun ga abin da aka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, inda aka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa. Gyara yana bukatar likita ga mai shaye-shaye, sana'a ga marar aiki, da babba guda ɗaya da zai riƙa tambayarsa ina ka kwana.

Shi ma wanda aka cuta yana bukatar gyaran. Wanda aka sara yana bukatar kuɗin asibiti, matar da aka kashe wa miji tana bukatar wanda zai tsaya kan diyya ta isa ga marayu ba ta tsaya a aljihun baffanni ba, yarinyar da aka ci wa zarafi tana bukatar magani da wanda zai saurare ta ba tare da an nuna ta da yatsa ba. Masallatanmu da ke tara kuɗin fenti da lasifika za su iya ware wani abu don wannan.

Don haka ɗan uwana liman, mai unguwa, dattijo, in an kira ka sulhu, kafin ka buɗe baki ka tambayi kanka: wannan laifin yana karɓar sulhu kuwa? Mai haƙƙin zai iya cewa a'a ya kwana lafiya a unguwar nan? Me mai laifin zai ɗauka a wuyansa, wa zai bibiya? In ka rasa amsa, ka bar magana ta tafi gaban alƙali, ya fi maka sauƙi ranar da za a karɓar wa akuya marar ƙaho haƙƙinta daga mai ƙaho.

Allah ya sa mu zama masu gyara, ya shiryi 'ya'yanmu, ya saka wa duk wanda aka zalunta. Wallahu a'alam.