Ɗana, Rariya Ba Ta San Ƙugiya Ba

Ɗana, na ji kai da abokanka a nan Ogui kun ɗaura aniyar zuba tarihin Hausawan Inugu a Wikipedia ta Hausa. Allah Ya yi muku albarka. Garin da Malam Umaru Altine, bafataken shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko a shekarun 1950, bai kamata a nemi labarinmu a cikinsa da harshenmu a rasa ba.

Amma matso in ja maka kunne kan kayan aikin da ka ɗauko. Pandoc, wadda John MacFarlane ya fara fitarwa a 2006, tana karɓar rubutun HTML ta juya shi zuwa tsarin MediaWiki da Wikipedia ke amfani da shi, kan magana ya zauna tsakanin alamun ==, jeri ya samu taurarinsa. Tun 2017 kuma ana iya ɗinka mata 'yar rariya da harshen Lua, ta tace talla da tarkacen ado kafin rubutu ya fito. Aikin yini guda ya koma na ƙiftawar ido. Wallahi ina taya ku murna da wannan sauƙi.

Sai dai rariya abin da ka umarce ta kaɗai take yi. Hausa da yawa da ke yawo a intanet ba ta da ƙugiya. In ka ce mata duk inda ta ga "baki" ta mayar "baƙi", ta ɓata maka bakin kasuwa. In ka ƙyale, baƙin da suka sauko daga jirgin ƙasa sun zama baki. Haka kafa da ƙafa, kasa da ƙasa. Wannan sai idon mai harshe. Ka kuma tabbata fayil ɗinka UTF-8 ne, kada ɗ da ɓ su fito kamar tsakin kaza.

Jan kunne na biyu ya fi nauyi. Rubutun wani haƙƙinsa ne, sauya masa riga ba ya mayar da shi naka. Wikipedia a ƙarƙashin lasisin CC BY-SA take, abin da ka kwaso daga jarida ba izini gogewa za a yi, ga alhaki a wuyanka. Karanta, fahimta, rubuta da bakinka, ka faɗi inda ka samo.

Don Allah, kafin ka wallafa, ajiye rubutunka a shafinka na gwaji, ka kai wayarka wurin wani dattijo a ƙofar masallaci bayan la'asar, ka karanta masa da ƙarfi.