Kada ku ce tsufa ne kawai

'Ya'yana, idan Baba ya tashi daga alwala jiri ya ɗebe shi, ko Hajiya ta suma a tsakar gida ta farfaɗo kamar ba komai, kada ku yi saurin cewa tsufa ne. Ku ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, ku kalli agogo, ku ƙirga. Zuciyar babban mutum tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti. In kun ji 35 ko 40, ga kasala da haki, kada ku bari a kwana. Asibitin Muhammad Abdullahi Wase yana nan cikinmu a Nassarawa, na Malam Aminu Kano ma ba nisa. A yi masa gwajin ECG, likitan zuciya ya duba.

Sau da yawa hanyar da saƙon bugu yake bi a cikin zuciyar ce ta gaji, kuma ƙwaya ba ta gyara ta. Maganinta wata 'yar na'ura ce, ba ta kai kwalin ashana ba, da ake dasawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji, a zura siririyar waya ta jijiya zuwa zuciya. Ba a tsaga ƙirji. Yawanci wurin kawai ake kashewa da allura, mutum yana farke.

Abin da ke damuna shi ne jin ana cewa, "Baba ya haura tamanin, a ƙyale shi ya huta." Wane hutu ga mai faɗuwa a banɗaki ya karya ƙugu? Shekaru kaɗai ba sa hana wannan aiki. Mutumin farko da aka dasa wa, Arne Larsson, a ƙasar Suwidin a 1958, sai a 2001 ya rasu yana da shekara 86, bayan likitan da ya yi masa aikin ya riga shi.

Haɗari akwai shi: jini kan taru a wurin, waya kan goce, ciwon kan ruɓe. Saboda haka makonnin farko kada ya ɗaga hannun wannan gefen sama da kafaɗa. In wurin ya kumbura, ya yi ja, ko zazzaɓi ya zo, a koma asibiti ranar, ba kyamis ba. Wayar salula ta bar aljihun gaban kaftani. Kada ya jingina da janareta yana aiki.

Batirin yakan kai kusan shekara goma, amma sai ana zuwa ana auna shi. Ɗaya daga cikinku ya riƙe katin na'urar, ya rubuta ranar komawa, ya kai Baba da kansa.