Ka Duba Irin da Ka Gāda

Ya ku 'yan'uwa, manomin Malumfashi ba ya shuka dawa don kawai a rumbun ubansa ya same ta. Sai ya murza ta a tafin hannu, ya ga ko ƙwaro ya ci. Don me bangaskiya kaɗai muke tsoron dubawa?

Ku tuna da Isawa. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi, Malam Ibrahim ya yi ta bincike a kan Annabi Isa har aka kashe shi a kasuwa. Almajiransa suka watse, waɗansu suka nufi Ningi. A 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka zo wurin Likita Mila a Zariya, suna neman sani. Suka zauna a Gimi, ciwon barci kuwa ya kashe da yawa.

Mu fa? Samarinmu na Funtua, in aka tambaye su a kasuwa don me suke bin Yesu, sai su ce, "Ai babana ma mai bi ne." Mutanen Biriya, cikin Ayyukan Manzanni sura 17, ko maganar Bulus sai da suka gwada ta da Littattafai kowace rana. Wa'azina na ran Lahadi ma ku gwada shi hakanan.