Wa ke bin ɗalibin likita bashi?

Duk shekara, da sakamakon jarrabawar bak ya fito, akan sami gidaje a Maraɗi da Damagaram da Tawa inda ake kwana ana shawarar abu guda: yaro ya ci, kuma lissafi da kimiyya sun karɓe shi, to ya tafi karatun likita. In an tambayi yaron dalili, amsa ba ta wuce biyu. Wani ya ce tausayi, domin yana tuna ƙanwarsa da sanƙarau ya ɗauke a 2015, shekarar da ciwon ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki. Wani kuwa, in ya saki jiki, ya ce girma da albashi, da burin ya fitar da tsohonsa daga wahalar noma. Malaman makaranta sun saba yaba wa na farko, su yi wa na biyu kallon mai kwaɗayi.

Wannan hukunci akwai gaggawa a cikinsa. Babu mai musun matsayin niyya a addini da tarbiyya, amma niyyar ɗan shekara 19 ba ta cika jure shekara bakwai ko fiye ba tare da ta sake kama ba. Mai tausayin nan, ranar da ya ga mutuwa ta ashirin a daren tsaro guda-guda, yana iya busar da zuciyarsa don ya samu ya yi barci. Mai neman girman kuma, wata tsohuwa ta riƙe masa hannu ta ce "ɗana, Allah ya yi maka albarka", sai ya tsinci kansa wani mutum dabam. Saboda haka abin da ya ɗaure likita ga jama'a ya kamata a neme shi a wani wuri da ya fi niyya tsayuwa.

Wurin kuwa a fili yake. Tun 1974 aka buɗe makarantar kimiyyar lafiya a jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992. Daga baya jami'o'in Maraɗi da Damagaram su ma suka sami nasu sashen. Shekarun farko na allo ne da hadda: sunayen ƙasusuwa da jijiyoyi, duk da Faransanci mai saiwar Latin da Girkanci. Sa'an nan a shiga ɗakunan majinyata, da safe a bi malami gado-gado, da dare a kwana tsaro. A nan ne karatun gaskiya yake, kuma littafinsa mutum ne mai rai. Babu wanda ya taɓa iya gane kumburin saifa sai da ya danna cikin wani yaro mai masassara. Babu wanda ya iya samun jijiya sai da ya soki hannun wani sau biyu ko uku ya kuskure. Ɗinkin farko, mai karkata, a fatar wani aka yi shi, kuma har yau yana yawo da tabon.

To, wane ne wannan wanin? Ba safai yake zama mai hali ba. Mai hali yana da asibitin kuɗi, ko ya hau jirgi zuwa Tunisiya ko Maroko. Wanda ke kwance ɗalibai goma suna kewaye da shi, manomi ne da ya sayar da akuya ya yi kuɗin mota, ko mace da naƙuda ta yi wa tsawo aka kawo ta daga ƙauye. Ana tattauna ciwonsa a kansa cikin harshen da ba ya ji, shi kuwa yana duban bakuna, yana jiran wanda zai waiwayo ya ce masa "Baba, ina ke maka ciwo?" da Hausa ko Zabarmanci. Bai san ya zama malami ba, ba a kuma biya shi ba. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A nan ladan da aka ci shi ne jikin majinyacin kansa.

Sai dai bashi ba ɗaya ba ne, kuma nan ne maganar ta yi nauyi. Ranar da ɗalibi ya kare kundinsa ya yi rantsuwar Hipokirat, iyayensa ma suna zaune a ɗakin, su da suka yi shekaru suna aiko da gero da ƴan jikkuna duk lokacin da kuɗin tallafin karatu ya makara. Su ma suna bin sa. In aka tura shi asibitin gunduma mai nisa, inda wuta ke ɗaukewa ana tsakiyar tiyata, jini kuma sai an nemi dangi, to yana iya tambayar kansa ko zamansa can biyan bashi ne ko kuwa tsayawa kallon mutuwa da hannu wofi. Wanda bai taɓa rubuta takardar magani ga mutumin da ya san ba zai iya saye ba, ya sassauta harshe kafin ya zagi likitan da ya zauna Yamai ko ya tafi Faransa. Hukuma ita ma tana da nata kason: tsakanin 2005 da 2006 ta mayar da tiyatar haihuwa da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, amma kuɗin da za ta mayar wa asibitoci ya sha yin jinkiri, har kantunan maganinsu suka riƙa bushewa.

Duk da haka, laifin hukuma ba ya goge sunan mai bin bashi. Nijar ba ta kai likita ɗaya ga mutum 10,000 ba, kuma kaso mai yawa na waɗanda ke akwai yana babban birni, alhali mafi yawan jama'a a karkara suke. Wanda ya ce ba zai iya zaman ƙauye har abada ba, yana da hujja; wanda ya ce ba kowa ke bin sa kome, shi ne ya manta. Tsakanin biyun akwai fili: shekaru kaɗan a gunduma kafin neman ƙwarewa, ko dawowa bayan an ƙware a waje.

Akwai ma wani sashe na biyan da ba ya jiran digiri. Ɗalibar aji huɗu da ta tsaya bayan ayarin malami ya wuce gado na gaba, ta rufe wa tsohuwa zanenta, ta durƙusa ta ce "Inna, ga abin da suka ce game da ciwonki", ba ta warkar da kowa ba tukuna. Tsohuwar dai ta san yanzu me ya sa za a hana ta gishiri, da kuma ranar da za a sallame ta.